Ranar da Tsintsiya ta Kama Taɓarya

Wayar Gwaggo ce ta ɓata, wata Alhamis da hantsi, a gidanmu na Mabera, cikin garin Sakkwato. An ɗaga katifu, an sauke kwanukan jere, an kira lambar aka ji ta a kashe. Kafin la'asar wata maƙwabciya ta kawo shawarar a ɗauko wani mutum mai kama ɓarawo da tsintsiya. Ya iso da tsintsiyar kwakwa guda biyu a cikin buhu, ya sa aka jera duk wanda ya taka gidan tun safe: mu 'yan gida, da mai wanki, da wani almajiri ɗan kimanin shekara 12 da ke yi wa Gwaggo aike. Yakan sa mutum ya durƙusa, ya cusa bakin tsintsiya ɗaya cikin na ɗayar a gaban maƙogwaronsa, ya koma bayansa ya yi 'yan surkulle, sannan ya ja. A wuyana suka rabu salin-alin. A wuyan ƙanena ma haka. Da aka zo kan almajirin sai suka sarƙe, suka shaƙe shi har idanunsa suka firfito.

"Wanga shi na," in ji mutumin. "Tsintsiya ba ta ƙarya."

Yaron ya yi ta rantsuwa yana kuka. Baffa ya hana a doke shi, amma aka ce kada ya sake shigowa gidan. Bayan kwana takwas sai ga waya a cikin buhun gero, a ɗakin ajiya, inda Gwaggo ta sunkuya ta ɗebi na fura a ranar da abin ya faru. Caji ne ya ƙare ta mutu. Babu wanda ya koma wurin mai tsintsiya neman ba'asi. Maƙwabciyar nan ma cewa ta yi ai tsoron asiri ne ya sa ɓarawon ya lallaɓo ya mayar, alhali yaron ko zauren gidan bai sake takawa ba. Idan an ga waya a hannunsa tsintsiya ta yi gaskiya, idan an gan ta a buhu ma ta yi gaskiya. Tun daga ranar nake juya wannan a raina: yaya ake gane aikin da ke ci daga aikin da kawai ba a bar masa ƙofar faɗuwa ba?

Da ka ta da irin wannan magana a majalisa, abin da za a fara jefo maka shi ne, wato kai ba ka yarda da aljanu ba, ba ka yarda akwai sihiri ba, boko ya ɓata ka. Gara a warware wannan ƙulli tun da wuri. Musulmi ba ya jiran ɗakin gwaji kafin ya yi imani da mala'iku ko aljanu. Wahayi ya faɗa, ya karɓa. Kimiyya kuma ba ta da sikelin da za ta ɗora gaibu a kai, duk masanin da ya ce ya auna ya ga babu, ya wuce gona da iri. Sai dai mai tsintsiya ba labarin gaibu ya zo ba mu ba. Cewa ya yi wannan yaron ne ya ɗauki waya. Waya kuwa tana da nauyi, tana da launi, tana wani wuri a duniyar nan, ko a hannun yaron ko ba a hannunsa ba. Duk wanda ya ce nan ne ruwa yake, ko harsashi ba zai huda ka ba, ko mijinki zai dawo kafin Sallah, ya fito da maganarsa daga gaibu ya ajiye ta a fili, inda ake gani ake ƙirgawa. Iƙirarin ɗan Adam ake gwadawa, shi kuwa ɗan Adam yana ƙarya, yana kuskure, yana kuma ruɗin kansa.

Mu Sakkwatawa bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. A Suratu Saba'i an ba mu labarin yadda Annabi Sulaiman ya rasu yana dogare da sandarsa, aljanu suna ta aikin wahala ba su sani ba, sai da gara ta cinye sandar ya faɗi. Idan su kansu ba su san abin da ke gabansu ba, ina ga mai cewa su ke kawo masa rahoto? Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Nurul Albabi, ya yi kakkausar magana a kan masu da'awar sanin gaibu ta hanyar bugun ƙasa da duban taurari. Da mutane suka fara raɗe-raɗin shi ne Mahadi, shi da kansa ya ɗauki alƙalami ya ce ba shi ba ne. Ga kuma ilimin hadisi da ake karantarwa a zaurukanmu: wa ya faɗa maka, shi wa ya faɗa masa, sun ma taɓa haɗuwa kuwa, yana da riƙo ko mai mantuwa ne? Mutum na iya zama salihi, mai tsayuwar dare, amma malaman hadisi su ajiye ruwayarsa saboda raunin harda. Wato tun tuni sun raba nagartar mutum da ingancin labarinsa. Hanyar kimiyya a kan wannan turba take, sai dai ita abin da ido ya gani take tuhuma kamar yadda su suke tuhumar abin da kunne ya ji. Mukan ce gani ya kori ji. To, gani ma yana buƙatar shaidu.

Aikin farko wajen gwada irin wannan iƙirari shi ne a ɗaure maganar a turke ɗaya, a san me aka ce zai faru, kuma me zai nuna bai faru ba. Ranar 29 ga Maris 2006 rana ta yi husufi, duhun ya ratsa ta Gusau da Katsina, mu ma nan muka ga an cinye mafi yawanta. Masana taurari sun faɗi ranar da sa'ar da garuruwan da inuwar za ta bi shekaru kafin lokacin. Da ba ta faru ba, da kowa ya ga kunyarsu. Kwatanta wannan da maganar mai duba: akwai wata mace a danginku da ba ta son ci gabanka, akwai wani alheri da ke tafe amma an tare shi, kana da kirki amma mutane ba sa saka maka. Wane ne a garin nan wannan rigar ba za ta shiga ba? A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya raba wa ɗalibansa takardu ya ce kowa bayanin halinsa ne aka fitar masa shi kaɗai. Suka ba bayanin maki sama da 4 cikin 5 wajen dacewa da su. Ashe takarda iri ɗaya ya raba wa kowa, jimlolin ma daga wani littafin duban taurari ya tsinto su. Maganar da ta dace da kowa ba ta faɗi komai a kan kowa ba.

Sai abu na biyu, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan lamarin duka: a ɓoye amsa ga mai iƙirari, a kuma ɓoye ta ga duk wanda ke wurin da fuskarsa za ta iya tona ta. A 1784 birnin Faris ya ruɗe da wani likita, Franz Mesmer, mai cewa akwai wani ƙarfi da ba a gani da ke gudana a jikin halitta, shi da almajiransa suna iya sarrafa shi su yi magani. Mutane na suma a gabansa, suna jijjiga, suna tashi su ce sun warke. Sarkin Faransa ya naɗa kwamiti, ciki har da Benjamin Franklin da masanin sinadarai Lavoisier. Ba su tsaya musun ko mutane na faɗuwa ba, don da idonsu suka gani. Abin da suka tambaya shi ne, me ke kayar da su? Aka sa wani almajirin Mesmer ya zuba wa wata bishiya ƙarfin nan a lambun Franklin, aka ɗaure idon wani yaro ɗan shekara 12 da aka ce yana jin abin sosai, aka riƙa kai shi gindin wasu bishiyoyi. Yana matsawa yana cewa abin na ƙaruwa, a bishiya ta huɗu ya yanke jiki ya faɗi. Duk huɗun babu wadda aka taɓa. Sumar gaskiya ce, yaron ba wasa yake ba. Amma zatonsa ne ya kayar da shi.

Wata yarinya a Amurka, Emily Rosa, ta maimaita wannan dabara tana da shekara 9, da kwali da tawul kawai. Akwai masu jinya da ke cewa suna jin wani ƙarfi da ke kewaye jikin majinyaci ba tare da sun taɓa shi ba, har ana koyar da abin a wasu makarantun jinya. Ta huda kwali, mai iƙirari ya zura hannuwansa biyu ta yadda ba ya ganinta, ita kuma ta jefa kwabo ta ga wane hannu za ta ɗora nata a samansa. Tambaya ɗaya ce: dama ko hagu? Mutum 21 suka shiga, aka yi gwaji 280, suka dace a kashi 44 cikin ɗari. Mai canki-canka da ido rufe zai samu kusan kashi 50. A 1998 babbar mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga sakamakon, yarinyar na da shekara 11.

Ba kowane mai irin wannan da'awa ne ɗan damfara ba, kuma wannan ne wurin da masu gaggawar ƙaryatawa ke zamewa. Da yawansu sun yarda da abinsu har zuci. A 1853, lokacin da Turawan Ingila suka haukace da zama kewaye da teburi suna cewa ruhohin matattu na juya shi, Michael Faraday ya shimfiɗa kwalaye masu zamewa a ƙarƙashin tafukan masu zaman. Aka ga na sama, waɗanda ke manne da hannu, su ke fara gusawa kafin teburin. Hannuwansu ke turawa, su kuma suna rantsuwa ba su motsa ba, kuma ba ƙarya suke yi ba: tsoka takan bi abin da zuciya ke tsammani ba da sanin mai ita ba. Abin dariya ne a falon Landan, amma a Bagadaza ya ci rayuka. Wani ɗan kasuwar Birtaniya, James McCormick, ya sayar wa Iraƙi dubban wasu na'urori masu suna ADE 651 a kan miliyoyin daloli, wai suna gano bam. Eriya ce kawai a kan mariƙi, babu komai na aiki a ciki, hannun sojan da ke riƙe da ita ne ke karkata ta. An ɗaure shi shekara 10 a 2013, amma ba a janye su daga shingayen bincike ba sai 2016, bayan wani harin bam da ya kashe ɗaruruwan mutane a unguwar Karrada. Gwajin akwati goma, ɗaya da albarushi, da yini guda ya isa ya tona asirinta.

Wannan eriya ƙanwar wayoyin nan biyu ce da wasu masu neman ruwa ke riƙewa. Na tsaya na kalli ɗaya a wani fili da ake shirin gini a hanyar Arkilla. Ya lanƙwasa wayoyin ƙarfe biyu, ya riƙe su sako-sako, yana takawa a hankali kamar mai tsoron taka ƙaya. Can sai suka juya suka gitta juna. Ya buga ƙafa ya ce nan. Aka kawo injin burtsatse, aka samu ruwa, mai gida ya ƙara masa kuɗin goro. Wa zai yi musu, ga ruwa na bulbulowa? Tambayar da ba a yi ba ita ce: da an matsa taki talatin gabas ko yamma, da me za a samu? Garin Sakkwato na zaune a bakin wani makeken kwari da ya miƙe har Nijar da Mali, cike da shimfiɗun yashi da laka da farar ƙasa, ɗaya bisa ɗaya. Masana ƙasa ma da sunayen garuruwanmu suka raɗa wa shimfiɗun suna: Gundumi, Taloka, Wurno, Dange, Kalambaina, Gwandu. Na yashin suna riƙe ruwa kamar soso, a baje, ba wai wata siririyar jijiya ba ce da sai mai baiwa zai gano. A irin wannan ƙasa, yawanci maganar ita ce zurfin da za a kai. Mai waya zai dace, yaron da ya jefa dutse da ido rufe ma zai dace. A kai su can wajen Gusau, inda ƙasa ke kan falalen dutse kuma ruwa ke maƙale a tsagogi, a nan ne za a fara sanin na ƙwarai.

Don haka abu na uku: kafin ka yi mamakin nasara, san nawa dace kaɗai zai bayar. A Jamus an yi wannan da gaske a 1987 da 1988, da kuɗin gwamnati, a wani rumbu mai bene kusa da birnin Munik. A ƙasa akwai bututun ruwa da ake gusarwa, mai neman ruwa yana sama, aikinsa ya nuna inda bututun yake. Daga kimanin mutum 500 aka tace 43 da suka fi nuna alamar iyawa, aka yi musu gwaji 843. Waɗanda suka shirya aikin sun ce wasu 'yan tsiraru sun nuna baiwa. Da wani masani, Jim Enright, ya sake bin alƙaluman sai ya nuna warwatse suke kamar an watsa tsaba, kuma wanda ya yi fice a zagaye ɗaya ya kasa maimaitawa a na gaba. Lissafin ba mai wuya ba ne. A kife bokiti goma, ɗaya da kwanon ruwa a ƙarƙashi, mai canka zai dace sau ɗaya cikin goma. Idan mutum ya dace sau biyar a jere, wannan ɗaya ne cikin 100,000, dole a miƙe tsaye a saurare shi. Idan kuwa ka tara mutum 500 suna ta canka, tilas wani ya yi sa'a. Ba a shaidar ɗan kuturu sai ya shekara da yatsa.

Haka mafarki yake. A ƙidayar 2006 jihar nan na da mutum miliyan 3.7, kowa na mafarki kowane dare. Ko da a ce mafarki ɗaya ne cikin 100,000 ke dacewa da abin da zai faru gobe, ka ga kullum akwai gomman mutane da za su tashi da labarin ban mamaki, sauran miliyoyin kuma su manta nasu kafin karin kumallo. Faɗuwa takan zo daidai da zama. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwarsa ce. Shi da kansa ya gyara musu, ya ce rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa.

Inda abin ya fi ciwo shi ne maganin bindiga. Ban ga laifin mutumin Sabon Birni ko Isa ko Rabah da aka ƙone wa rumbu aka kore wa shanu ba, idan ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe ya sayi laya. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Kuma shaidu suna nan da ransu: ga wanda aka buɗe wa wuta ya fito ko ƙwarzane babu, ga wanda ya ce harsashi ya doke shi ya faɗi ƙasa. Amma yawancin harsasan da ake harbawa a cikin ruɗani ba sa samun kowa. Bindigar toka takan ƙi tashi, albarushi kan yi sanyi, ƙwayar da ta zo daga nesa takan iso ba ƙarfi. Uwa uba, wanda layarsa ba ta yi aiki ba yana maƙabarta, ba ya zuwa majalisa ya ba da nasa labarin. Muna jin muryar waɗanda suka tsira kaɗai. Ƙirga ta gaskiya gida huɗu take da shi: masu laya da suka tsira, masu laya da suka mutu, marasa laya da suka tsira, marasa laya da suka mutu. Mu gida ɗaya muke leƙawa. Fiye da shekara dubu da suka wuce likitan nan Abubakar Arrazi ya gane haka a Bagadaza: da yake son sanin ko tsaga jijiya a fitar da jini na hana wata cutar ƙwaƙwalwa, sai ya yi wa wasu majinyata, ya bar wasu da gangan don ya samu abin kwatantawa.

Ga kuma sharuɗɗa. Kada ka waiwaya, kada ka ci abu kaza, kada ka fita da janaba, kada mace ta tsallake rigar. Idan mutum ya dawo, magani ya ci. Idan aka kawo gawarsa, ya karya sharaɗi, kuma ba ya nan balle ya musa. A ƙasar da ake kira Tanzaniya a yau, tsakanin 1905 da 1907, an ba mayaƙan Maji Maji, masu tawaye ga mulkin mallakar Jamus, ruwan da aka ce zai mayar da harsashin Jamusawa ruwa, aka kashe su dubbai. A 2018 wani mai maganin gargajiya a jihar Imo ya rataya layunsa ya ce mai saye ya harbe shi, nan take ya mutu. Shi kam ya yarda da kayansa. Gwajin da hankali zai ɗauka ba ya taɓa ran mutum: a rataya wa buhun yashi, ko ragon da dama yanka shi za a yi. Ɗan tauri da ke cewa ƙarfe ba ya kama shi ma ba sai an zaro wuƙa ba, 'yar allurar da ake tsira wa yatsa a gwajin zazzaɓin cizon sauro ta wadatar. Idan mai magani ya ce nasa sai a jikin mutum, a fagen daga, yake aiki, to ya gaya maka da bakinsa cewa da ranka za ka biya kuɗin gwajin.

Maganin sharuɗɗan bayan fage shi ne a yi yarjejeniya tun kafin a fara. Wanda ya fi shahara da wannan shi ne James Randi, ɗan Kanada, wanda shi kansa mai rufa-ido ne a dandali, da ɗan gari akan ci gari. A 1964 ya sa dala 1,000 ga duk wanda zai nuna wata baiwa da ta saɓa wa al'ada a ƙarƙashin sa ido. Kuɗin ya kai dala miliyan ɗaya a 1996, aka rufe gasar a 2015. Sama da mutum dubu suka nema, babu wanda ya tsallake ko gwajin share fage. Akwai masu cewa gasar ta fi kama da wasan jan hankali, kuma ba su rasa gaskiya ba. Abin koyi shi ne tsarin. Mai iƙirari da masu gwaji sukan zauna su rubuta me za a kira nasara, me za a kira faɗuwa, kowa ya sa hannu. Sannan akan fara da zagayen da komai ke buɗe: ga ruwan nan a bokiti na uku, kowa na gani, wayarka tana juyawa? Idan ya ce ƙwarai, wurin ya yi, yanayin ya yi, sai a rufe. Bayan nan ba shi da bakin cewa ƙasar wurin ce ba ta da kyau, ko idon marasa imani ne ya kore masa iskoki.

Kada kuma a ɗauka masu farar riga ba sa faɗawa rami. Daga 1979 Randi ya tura samari biyu masu rufa-ido wani ɗakin bincike a jami'ar Washington da ke St. Louis, suka daɗe suna lanƙwasa cokula masu binciken na rubutawa a matsayin baiwa. A 2011 wani farfesa mai suna a jami'ar Cornell, Daryl Bem, ya buga gwaje-gwaje tara, da mutum sama da dubu, yana cewa sun nuna mutane na iya jin abin da bai riga ya faru ba. Shekara ta zagayo wasu masana uku a Birtaniya suka bi sawunsa ƙafa da ƙafa ba su ga komai ba. Rigimar da ta biyo baya ta taimaka wajen sa masu bincike su riƙa rubuta abin da za su auna da yadda za su lissafa shi a bainar jama'a kafin su fara, don kada mutum ya harba kibiya sannan ya je ya zana da'ira inda ta faɗi.

Idan gwaji ya faɗi, abin da ya nuna taƙaitacce ne: wannan mutumin, a wannan abin da ya ce yana iyawa, bai fi mai canka ba. Bai ce komai a kan abin da ba a gwada ba. Kuma ƙofar ba a rufe take ba. Masanan Turai sun daɗe suna yi wa ƙauyawa dariya idan suka ce dutse ya faɗo daga sama, sai da dubban duwatsu suka zubo a garin L'Aigle na Faransa a 1803, aka tura Jean-Baptiste Biot ya tattara duwatsun da shaidun, sannan suka sallama. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami, ƙasar Katsina, daga baya bincike ya nuna daga duniyar Mas ya fito. Labarin da ya fi na kowane boka ban mamaki, amma an karɓe shi, domin ga dutsen, kowa na iya yankar ɓalli ya auna. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba mu a asibiti yau daga ganyen da Sinawa suka daɗe suna jiƙawa aka fitar da shi, har Tu Youyou ta samu kyautar Nobel a 2015. Tsohon abu ne, an gwada shi ya tsaya. Ruwan gishirin da aka tashe mu da tsakar dare muka yi wanka da shi a Agustan 2014 don tsoron Ebola kuwa, babu wanda ya tsaya tambaya, wasu suka sha har ya kai su asibiti, wasu kabari.

Na aika wa mai tsintsiya da tayin gwaji. Mutum goma, a jefa ƙuri'a a ɓoye a ba ɗaya zobe ya sa a aljihu, kada kowa a wurin ya san wane ne, ni ma haka, a yi sau biyar. Ba a wuya ba, a hannu. Ya aiko da cewa ba a wasa da su, ba su aiki sai an yi sata ta gaske. Sai na sayo tsintsiya biyu a kasuwa, muka zauna da ƙannena a tsakar gida. Ba mu daɗe ba muka gano kanta. Idan ka cusa bakin sama-sama, da ka ja za su rabu. Idan ka tura su ciki sosai ka ɗan murɗa, tsinkayen sai su ciji juna, kamar littafi biyu da aka saƙa shafukansu, kana ja suna ƙara riƙewa. Wannan bai tabbatar da cewa da gangan mutumin ya yi ba. Mai yiyuwa hannunsa ne ya bi zatonsa, zatonsa kuma ya bi idanun mutanen gida, waɗanda tun kafin ya buɗe buhu suna kan yaron da ba shi da kowa a wurin.

Muka kama ƙanena, muka kama ƙafar kujera. Daga nan na jingina taɓarya da bango, na yi mata tambaya da babbar murya ko ita ta ɗauki wayar Gwaggo, na ja, tsintsiya ta shaƙe ta tamau. Gwaggo na zaune bakin murhu, ta yi dariya har da hawaye. Can sai ta yi shiru, ta daɗe tana kallon wuta.

"Kai, tashi ka tai makarantarsu ka kira min yaron ga," ta ce wa ƙanena.

Ya je ya dawo bayan magariba. Malaminsu ya ce tun makon da abin ya faru labari ya kai gida, ubansa ya zo ya tafi da shi, can wajen Tangaza.